Mai Agogo Ya Yi Musayar Kunkuruna

Jama'ar wannan shafi, ina gaisuwa. Yau ƙara na kawo, kuma duk wanda zai yi sharhi ya daure ya karanta har ƙasa kafin ya buɗe baki. Wancan karon wata ta rubuto min wai, "Goggo, ki ji tsoron Allah, bawan Allahn nan yana sonki." To ki gyara zama ki ji abin da bawan Allahn naki ya aikata.

Ga waɗanda yau suka fara ganina: shekaruna hamsin da takwas, mijina ya rasu shekara tara ke nan, ina da shagon zare da maɓalli da zif. A hannun damana shagon wasan kati ne. A haguna, ƙarƙashin rumfa, teburin Mai Agogo, wanda ya shekara uku yana nemana da aure. Yadda yake gyaran agogo haka yake neman: a hankali, kai a sunkuye, ko numfashi mai ƙarfi ba ya yi.

Katin nan ba karta ba ce, kada wani ya zo min da wa'azi. Sunansa Dajin Dodanni. Kowa na da damin kati arba'in da rai ashirin. Kowane zagaye ka ja kati ɗaya, ka ajiye dabbobinka da dodanninka a tebur su kai wa abokin karawarka hari. Wanda ransa ya ƙare ya faɗi. Wanda ya zo jan kati ya tarar daminsa ya ƙare, shi ma ya faɗi. Ta biyun nan ce mutane ke mantawa, ni kuwa a nan nake kama su.

Fanka ce ta kai ni shagon. In an ɗauke wuta tasu na ci gaba da juyawa, tawa kuwa ta tsaya cak, sai in ja kujerata in zauna a bakin ƙofarsu ina shan iska. Shekara biyu ina kallo. Ban yi boko ba, rubutun jikin katunan kuma da Turanci ne, ƙanana kamar ƙafar kiyashi, don haka da hoto na san kowanne. In na ga kati ya yi aiki sau ɗaya, ya zauna min ke nan. Wata rana na ga wani malamin makaranta zai tafka wauta, na ce, "Kada ka ajiye wannan." Aka yi dariya. Ya ajiye, aka cinye shi. Washegari Mai Shago ya ce in zauna a tebur.

Kunkurun Dutse a kwalin tarkace na tsince shi, inda 'yan wasa ke watsa katunan da suka raina. Har da zoben gindin kofi a fuskarsa, don Mai Shago ya daɗe yana ɗora shayinsa a kai. Dukansa sifili ne, ba ya cizo ba ya yaƙushi. Amma tsaronsa tara, kuma duk dodon da ya kawo hari Kunkuru ya tare shi, mai dodon zai zubar da kati uku daga saman daminsa. An daina buga irinsa tuntuni. A duk shagon nawa ne kaɗai, kuma da shi na ba mutum goma sha ɗaya kashi a gasar bana har na kai wasan ƙarshe.

Ana saura kwana huɗu wasan ƙarshe, 'yata ta zo gida. Aikin asibiti take, kowa Sista yake ce mata, har ni. Ko farar rigarta ba ta cire ba ta zauna a hannun kujera, tana kallon katunan da na baje a kan tiren silba.

"Umma, wai har yanzu?"

"Ɗaga min gwiwar hannunki, kin danne Bushiya."

"Jiya a wurin aiki wata ta nuna min bidiyonki. Kina nuna wani magidanci da yatsa kina cewa ya ƙirga daminsa. Kamar ƙasa ta tsage in shige."

"Ya ƙirga ɗin?"

"Umma."

"Saura biyu ya tarar. Na gaya masa gaskiya."

Ta zaro waya ta kunna min saƙon murya na yayana. Minti shida. Yaya in ya fara magana sai ya gaida kowa har da akuyar maƙwabta kafin ya iso kan zance. Ƙarshenta dai: Mai Agogo mutumin kirki ne, ya je ya same shi har gida sau biyu, shekara uku ba kwana uku ba ce, in ba shi amsa, kuma mace mai jikoki huɗu ta daina zama cikin maza tana kiran sunan dodanni.

Na ce zan ba da amsa bayan gasa. Sista ta ce ta riƙe ni a kan wannan.

Ba wai ba na son mutumin ba ne, ku fahimce ni. Yana da tsafta. Rigarsa kullum a goge, hularsa ba ta karkata, alƙalami biyu a aljihu ko da yake ban taɓa ganin ya rubuta komai ba. Kullum da hantsi zai aiko min saƙo: "Barka da hantsi, ƙarfe goma da minti bakwai." Kamar ni ba ni da agogo a waya. In na zazzaga masa masifa sai ya ce, "Haka ne, Maman Sista," ya ci gaba da murɗa ƙusarsa. Mutumin da ba ya ramawa yana gajiyar da baki.

Ranar Alhamis ya leƙo shagona ya tarar ina ɗaure damina da robar kuɗi.

"Maman Sista, wannan ai bai dace da mai wasan ƙarshe ba. Kowa katinsa cikin rigar leda, naki tsirara. Kawo in sa musu riga, in samo musu akwati."

Na ƙara damƙe damin. Ban taɓa barin damina ya kwana a hannun wani ba. Amma hannunsa ne, hannun da ke ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba. Na miƙa masa na ce, "Arba'in ne. Arba'in za su dawo."

"Arba'in cif," in ji shi.

Ranar Asabar na sa atamfata mai ruwan ganye da mayafi ruwan ƙasa, kalar Kunkuru, da gangan. Shagon ya cika har bakin titi, an kunna fanka biyu. Mai Agogo ya tare ni a ƙofa cikin farar shadda, sai ƙamshi yake, ya miƙo min ƙaramin akwatin katako da ya sa wa makulli irin na agogon bango. Yana wani murmushi da ban gane ba.

"Akwai abin mamaki a ciki."

Na ɗauka akwatin yake nufi. Na ƙirga katunan a kife, arba'in, kowanne cikin baƙar riga mai santsi. Na gauraya na zauna.

Abokin karawata Mai Kemis ne, mai shagon magani na ƙarshen layi. Shekarunsa sun kai arba'in amma yana taunar cingam kamar ɗan firamare. Daminsa duk masu haƙora ne, burinsa ya gama da mutum kafin shayi ya huce. Sau biyar muna haɗuwa, sau biyar Kunkuru na sa shi zubar da kati har yana gumi.

Ga yadda ake yi, kuma ba na ɓoyewa tunda yanzu asirin ya riga ya tonu. Kunkuru ba a ajiye shi da wuri. Kowa yana riƙe da katin Guguwa, wanda ke share dabba ɗaya daga tebur, kuma doka ba ta yarda a wuce biyu a dami ba. In ka yi rawar kai ka ajiye Kunkuru a zagaye na uku, za a share maka shi ka koma kana kallon silin. Sai dai ka fara tura Bushiya, mai tsaro huɗu, ka kuma ɓata fuska kamar ita ce duk abin da ka mallaka a duniya. Mai gaggawa ba ya iya haƙuri, zai watsa mata Guguwa. Ka sake tura wata. Ƙananan dabbobinsa kuwa ka bar su su cije ka. Rai ashirin ba na ado ba ne, na kashewa ne, in ya sauko takwas ba ka mutu ba. Sai Guguwarsa biyu sun fita, sannan ka busa Ƙaho, katin da ke ba ka damar duba daminka ka zaro dabbar da kake so. Kunkuru ya sauka. Daga nan babban dodonsa kaɗai za ka riƙa tarewa, yana zubar da uku-uku. In ya tsorata ya daina kawo hari, madalla, mu zauna muna jan ɗaya-ɗaya mu ga wa zai riga ƙarewa. Ni ba na kallon fuskar mutum, kaurin daminsa nake kallo.

Haka wasan ya tafi sumul. Ya share Bushiya ta farko, ya share ta biyu, da sauri har na ɗan yi mamaki. Raina ya sauko bakwai. Na gyara mayafi, na ajiye Ƙaho, na ɗauki damina na fara dubawa.

Na duba har ƙarshe. Na dawo na sake dubawa daga farko. Na tofa yawu a yatsa na bi su ɗaya bayan ɗaya ko biyu sun manne.

Babu Kunkuru. A madadinsa wani abu ne mai walƙiya, har yana kashe ido, da fikafikai da wuta a baki.

Na ɗago na ce wa Mai Shago, wanda shi ne alƙalin wasa, "Tsayar. An taɓa min dami."

"Goggo, kati nawa ne?"

"Arba'in."

"Ke kika gauraya?"

"Ni ce."

"To an fara ke nan. Dole ki zaro dabba, Ƙaho ya riga ya sauka."

Daga bayan taro na ji muryar Mai Agogo, cike da farin ciki: "Shi ne abin mamakin, Maman Sista. Dodon Zinariya ne."

Dabbobin da suka rage min a damin ƙanana ne, ba mai iya riƙe ƙofa. Na zaro mai walƙiyar na ajiye, na ce wa Mai Shago ya karanta min abin da yake yi. Ya kusanto da shi fuskarsa, ya yi gyaran murya.

"Duka takwas. Tsaro ɗaya. Kuma dole ne ya kai hari kowane zagaye, ko mai shi yana so ko ba ya so."

Mai Kemis ya daina taunar cingam. Ya zaro kati ɗaya daga hannunsa ya ajiye a tsakiyar tebur a hankali, ya juyo min da shi don in gani da kyau. Ga zoben kofin shayi nan a fuskarsa.

"Goggo, ga wani tsoho yana gaishe ki."

Jama'a, ban taɓa sanin yadda abin yake daga wancan ɓangaren ba. Dodon banzan nan ya tashi da kansa ya kai hari, Kunkuruna ya tare shi, na zubar da uku. Zagaye na gaba haka. Mai Kemis yana da dabbobin da za su ƙarasa min rai bakwai ɗin nan a zagaye biyu, amma ya ƙi, ya naɗe hannu yana kallo. Da na zo jan kati na tarar da tebur fayau, sai ya nuna ni da yatsa ya ce, "Goggo, ƙirga daminki." Shago ya ɗauka da dariya. Aka miƙa masa kofin gasa.

Na miƙe na wuce rumfar Mai Agogo. Ya biyo ni yana riƙe da akwatin da na bari a tebur.

"Malam, me na yi maka?"

"Maman Sista, wallahi alheri na nufa."

"Na ce ka sa musu riga ko na ce ka yi musu kaciya?"

"Ina cikin sa rigunan ne Mai Kemis ya zo karɓar agogonsa. Ya ga katin, ya ce wannan tsohon ne ke ja miki wasa har awa guda, bayanki na ciwo. Na duba na ga sifili a jiki, ga dauɗa. Ya ce mace irinki zinariya ta dace da ita. Ya ce don darajarki zai yarda a yi musaya."

"Don darajata."

"Haka ya ce."

"Kai da ka buɗe agogo ka ga ƙaramin ƙarfe baƙi ba ya motsi, cire shi kake ka sa mai ƙyalli?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "A'a. Galibi shi ne ke riƙe da sauran."

Na koma wurin Mai Shago na ce a karɓo min katina, yaudara ce. Ya ce a gabansa suka zo suka tafa hannu, kuma dokar shago musayar da aka tafa a kanta ba ta warwaruwa. Na ce mai katin ba ta tafa ba. Ya ce Mai Agogo ya shaida masa cewa shi da ni abu ɗaya ne. Kun ji wata sabuwa kuma.

Da yamma Sista ta zo da murnarta wai gasa ta ƙare, saura amsa. Na sa ta kira Yaya ta buɗe murya kowa ya ji. Na ce, "Ku shaida. Ranar da Kunkuruna ya dawo hannuna, ranar zan ba da amsa. In bai dawo ba, ko gaisuwa na soke."

Yaya ya ce, "Wane kunkuru kuma? Kiwo ta fara?"

Sista ta ce, "Kawu, bari kawai."

Ranar Lahadi da hantsi saƙo ya shigo, karon farko ba a faɗa min ƙarfe nawa ba: "Na je wurin Mai Kemis. Ya ce ba zai bayar ba sai na ci shi a wasa ranar Asabar. Zai ara min Kunkurun in buga da shi, in na ci in tafi da shi. Ban san ko ta ina ake riƙe kati ba."

Na karanta sau uku. Raini ne Mai Kemis ya shirya, yana so ya sake tara mutane su yi dariya. Amma wata hanyar babu. Na rubuta: "Ƙarfe huɗu. Falona. Ka zo da tabaranka."

Shekara uku mutumin nan bai taɓa wuce bakin ƙofata ba. Ranar ya cire takalmi ya jera su kamar za a ɗauki hotonsu, ya zauna a bakin kujera, gwiwoyi a haɗe. Na ɗauke furen roba daga teburin tsakiya na shimfiɗa tawul. Tunda Kunkurun ba ya nan, ya yanko kwalin sabulu daidai girman kati ya zana nasa ya sa a riga. Abin ya fi kama da tukunya mai ƙafafu. Na ba shi damina, ni kuma na aro damin masu haƙora a wurin Mai Shago na sa Dodon Zinariya a ciki, don in buga masa irin wasan Mai Kemis.

Ranar farko tukunyar na zuwa hannunsa ya ajiye ta yana murmushi. Na share ta da Guguwa.

"Wa ya aike ka?"

"Na ga ya zo ne."

"In baƙo ya zo sai ka tura shi bakin titi? Riƙe shi."

Litinin ya riƙe, amma duk ɗan ɓeran da na turo sai ya sa Bushiya ta tare, wai ba ya son a taɓa masa rai. Na ce, "Malam, rai ashirin aka ba ka, za ka kai su kabari ne? Bari a cije ka." Talata ya bari aka cije shi har ya mutu da Ƙaho a hannu bai busa ba. Na ce masa tunda nake ban taɓa ganin mutumin da haƙuri ya kashe a zaune ba sai shi. Ya ce, "Haka ne, Maman Sista," ya zaro ɗaya daga alƙaluman nan ya rubuta wani abu a bayan hannunsa. Ashe suna rubutu.

Laraba na dafa masa shayi, don muryata ta dushe kuma ba daɗi in sha ni kaɗai. Ya lura agogon bangona na baya da minti goma sha ɗaya, ya sauke shi ya gyara kafin in gama gaurayawa. Alhamis ya kai ni har damina ya rage tara kafin in gama da shi. Na ce, "Yau ka yi kama da mutum." Ya yi ta murmushi har ya sa takalmi a juye.

Kada wata ta rubuto min cewa na fara laushi. Aiki nake yi.

Juma'a ce ranar ƙarshe. Sista ta zo ta shige kicin wai wanke-wanke take, amma ban ji ƙarar ruwa ba ko sau ɗaya. Muka fara. Ya tura Bushiya, na share ta don in ga abin da zai yi. Na ci gaba da cizonsa, sha huɗu, tara, biyar. Dodon Zinariya ya zo hannuna. Zan faɗi gaskiya tunda gaskiya na zo faɗa: abin yana da daɗin ajiyewa. Yana sauka tebur sai ka ji kamar ka ƙara tsawo.

Ya ja kati ya duba, fuskarsa ta faɗi. Ya ajiye Bushiya ta biyu, hannunsa na rawa har katin ya gogi kofin shayi. Ya dubi daminsa ya yi ajiyar zuciya, ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "Bai zo ba."

Na duba. Rai biyar gare shi. Bushiya kaɗai ke tsakanina da shi. In na share ta, Dodon zai shiga da takwas, an gama. Ni da bakina na koya masa wannan tarkon, kwana biyar ina nanatawa. Amma na ga hannun nan na rawa, na ce a raina wannan ba zai iya ƙarya ba, ko ƙarfe nawa ne ba ya iya ƙarawa da minti ɗaya. Na watsa Guguwa ta biyu. Dodon ya tashi.

Ya ajiye wani ɗan katin Hazo da ke hana hari ɗaya shiga, wanda ni kaina na manta yana cikin damina. Da zagayensa ya zo ya busa Ƙaho. Hannun da ke rawa ɗazu ya tsaya cak kamar an dasa shi. Tukunya mai ƙafafu ta sauka a kan tawul.

Uku. Uku. Uku. Na tura ƙanana, ya bari suka cije shi har ransa ya koma ɗaya, ko gezau. Sauran ya tare su da tarkacen da ya tara. Na miƙa hannu jan kati, yatsuna suka taɓa tawul.

Bai ce in ƙirga damina ba. Da ya faɗa da na ji sauƙi, da na samu abin kamawa. Sai ya tattara min katunan da na zubar ya jera su ya turo gabana.

Na ce, "To. Gobe haka za ka yi wa Mai Kemis. Har rawar hannun."

"Babu wasa gobe, Maman Sista."

"Ya janye?"

Ya sa hannu a aljihun gaba, bayan alƙaluman, ya zaro wani ɗan gwangwani na ajiye gilashin agogo. Ya buɗe ya ajiye a gabana. Kunkuruna ne, kwance a kan auduga, da zoben shayinsa da komai.

Na taɓa zoben da yatsa.

"Tun yaushe?"

"Litinin."

"Wace Litinin?"

"Wadda ta wuce. Da safe agogonsa ya tsaya, ya kawo. Na sa masa batiri. Ya ce in bar kuɗin, in ɗauki katin, shi ya gama da shi, barci yake sa shi."

"Batiri."

"Ƙarami ma."

Ban san wanne ya fi ƙona min rai ba, kwana biyar da na yi ina kashe muryata a banza, ko Kunkurun da ya ba mutum goma sha ɗaya kashi a ce an sayar da shi a kan batirin agogo ƙarami.

"Kana da shi a aljihu ranar Talata da nake zaginka?"

"Yana nan."

"Ranar Laraba ka sha min shayi da shi a ƙirjinka?"

"Shayin ya yi daɗi."

"Malam, me ya hana ka kawo min tun Litinin?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Da na kawo Litinin, a bakin ƙofa za ki karɓa. Ki ba ni amsa a tsaye, da fushi, kuma na san wacce ce."

Sai ga Sista a ƙofar kicin, hannunta a bushe ƙarau, waya a kunne. "Kawu, ya dawo. Eh, kunkurun. A'a, ba mai rai ba ne. Tsaya ka ji da kunnenka." Ta buɗe murya ta ajiye wayar a kan tawul, tsakanin tukunyar kwali da Kunkurun gaske.

To ku gaya min, jama'a, wannan ba yaudara ba ce ta biyu a kan ta farko? An musanya min kati, an ci ni da shi a bainar jama'a, an sayar da shi a kan batiri, sannan an zauna min a falo kwana biyar ana yi min rawar hannu. Kofina yana kan kantar Mai Kemis tsakanin maganin tari da audugar kunne. Har yau ba wanda ya ce min yi haƙuri da bakin da zan yarda.

Amma na zauna na yi lissafi irin na tebur. Duk abin da na tara a shekara huɗu, yaushe ake tura Bushiya, yaushe ake ɓata fuska, yaushe ake busa Ƙaho, yanzu yana cikin kan mutumin nan, wani ma a rubuce a bayan hannunsa. Kuma mutum ne da aka taɓa yi wa daɗin baki ya ba da Kunkuru. Teburinsa taku ashirin ne daga shagon Mai Kemis.

Yaya yana ta "Alo, alo" a waya.

Na ce, "Yaya, ka ji. Na amince. Amma a rubuta cewa ba don ya burge ni ba ne. Mutumin da ya san sirrina haka ba zan bar shi yana yawo a layi ba mai tsaro."

Sista ta rufe baki da hannu. Yaya ya fara godiya tun daga kan kakanninmu. Mai Agogo ya buɗe baki zai yi magana, idonsa ya kawo ruwa, na ɗaga masa hannu.

Na ɗauke Kunkuruna na sa a damina, na tura masa masu haƙoran da Dodon Zinariyarsa a sama.

"Kada ka yi min kuka a kan kati, rigar ba ta hana ruwa. Gauraya."